Dokar da ta fara daga banɗaki: darasin masu kai saƙo na New York

A watan Satumban 2021 majalisar birnin New York ta zartar da wasu dokoki domin masu kai abinci gida-gida ta hanyar manhajar waya, kuma ɗaya daga cikinsu magana ce ta banɗaki. Dokar ta ce gidan abincin da ma'aikaci ya je ɗaukar saƙo ya ba shi dama ya kama ruwa. Duk wanda ya ji wannan zai iya fahimtar halin da mutanen nan suke ciki kafin lokacin: mutum ya wuni bisa keken lantarki cikin sanyi da dusar ƙanƙara, ya shiga shago ya ɗauki abincin wani, amma a hana shi zagayawa.

A lokacin su kimanin dubu 60 ne a birnin, mafi yawansu baƙi daga Meziko da Guwatamala da Bangaladash da Afirka ta Yamma. Wanda ya san unguwannin Bronx da Harlem ya san 'yan uwanmu na yankin nan da yawa da wannan sana'a suke biyan haya, su kuma aiko wa iyaye abin cefane. Kamfanoni irin su Uber Eats da DoorDash da Grubhub ba su ɗauke su a matsayin ma'aikata ba, cewa suke yi kowa zaman kansa yake yi. Da wannan lafazi suka fita daga dokar mafi ƙarancin albashi. Keke naka, batir naka, idan mota ta buge ka jinya taka.

Ra'ayina shi ne majalisar birnin ta yi daidai da ba ta zauna jiran gwamnatin tarayya ba. Kansila ya fi kowa sanin titin da ake ƙwacen keke a unguwarsa. Shi ya sa dokokin suka sauko kan abubuwan da mai aikin ke fama da su kullum: ya iya ƙayyade nisan da zai je, ya iya ƙin bin gada ko hanyar ƙarƙashin ƙasa ba tare da an hukunta shi ba, a faɗa masa tukuicin da mai saye ya bayar, a biya shi aƙalla sau ɗaya a mako, a kuma ba shi jakar ɗaukar abinci kyauta bayan ya kai saƙo 6. Maganar gada ba ƙarama ba ce, domin a kan gadoji ɓarayi suka riƙa tare su da dare, har ma'aikatan suka koma yin sintiri da kansu.

Ba haka kawai aka ba su ba. Ƙungiyarsu ta Los Deliveristas Unidos ce ta yi ta zanga-zanga tun lokacin korona, sa'ad da kowa ke kulle a gida su kuma suna kan titi. Makonni kaɗan kafin majalisar ta kaɗa ƙuri'a a kan dokokin, ambaliyar guguwar Ida ta mamaye birnin, aka ga bidiyon wani yana kutsawa cikin ruwa da kekensa da ledar abinci a hannu.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kuɗi. Binciken hukumar kare masu saye da ma'aikata ta birnin ya nuna suna samun kimanin dala 7 a awa idan aka cire tukuici, alhali mafi ƙarancin albashi a birnin dala 15 ne a lokacin. A 2023 aka tsayar da dala 17.96 a awa. Kamfanonin suka garzaya kotu, ba su yi nasara ba, dokar ta fara aiki a Disamban shekarar. Kuɗin ya koma 19.56 a Afrilun 2024, sannan 21.44 a Afrilun 2025.

Masu suka sun ce abinci zai ƙara tsada, aiki kuma zai ragu. Akwai gaskiya a ciki. Kamfanonin sun ƙara wa masu saye caji, sun taƙaita lokutan da ma'aikaci zai iya buɗe manhaja, wasu suka rasa gurbi, wanda ya rasa kuwa ba ya jin daɗin ƙarin da wani ya samu. Amma arahar da ake kukan ta tafi, dama daga jikin mai keke ake cirarta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wasu manhajojin suka mayar da wurin ba da tukuici zuwa bayan an gama oda, inda mai saye ba zai tuna ba. An ba ka da dama an karɓe da hagu ke nan, sai da majalisar ta sake zama a kansa a 2025.

Batun batir ma ya nuna cewa albashi da tsaron rai tare suke tafiya. Mai samun dala 7 a awa batir mai araha zai saya, ya sa caji a ɗakin da suke kwana su da yawa. A 2023 gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a birnin. A shekarar ce aka haramta sayar da keke ko batir da ba shi da shaidar inganci. Matakin ya dace, sai dai haramci kawai yana jibga wa talaka nauyin ne, kuma a ganina kamfanin da ke cin riba daga wannan keke ya kamata ya sa hannu a kuɗin batirinsa.

A 2025 majalisar ta faɗaɗa dokar albashin zuwa masu kai kayan cefane na manhajoji irin su Instacart. Magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya hau kujerar naƙi, kansiloli suka tara ƙuri'un da suka rinjaye shi a watan Satumba, dokar ta tabbata.