Ga Masu Burin Kujerar Alƙali: Ku Karanci Rayuwar Mai Shari'a Khanna

Assalamu alaikum ƙannena ɗaliban shari'a, da ku sababbin lauyoyi. Da yawanku na burin hawa kujerar alƙali, kuma buri ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne, in hira ta yi nisa, sai ka ji mota da ɗan sandan rakiya da girmamawar da ake yi wa mai kujerar ne ke jan hankali. Ina so ku karanci rayuwar Hans Raj Khanna, alƙalin Kotun Ƙolin Indiya. Kada ku ce me ya haɗa mu da Indiya. Final Kod ɗin da ake aiki da shi a Arewa, wato kundin dokokin hukunta laifuka, daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860.

An haifi Khanna a Amritsar a 1912, ya karanta shari'a a Lahore, ya yi aikin lauya a garinsu har zuwa 1952 da aka naɗa shi alƙalin gunduma. Shekara goma ya yi a wannan mataki kafin ya kai Babbar Kotu a 1962. Ya zama Babban Alƙalin Delhi a 1969, ya shiga Kotun Ƙoli a 1971 yana dab da shekara sittin. Ku da kuke jin an danne ku don an bar ku kuna jigilar fayil shekara biyu, ku lura da wannan. A ƙaramar kotun ne ya ɗaure Ramkrishna Dalmia, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, kan almundahana da kuɗin kamfanin inshora, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifin a 1962. Hukuncin da zai tsira daga manyan lauyoyin attajiri a ɗaukaka ƙara sai wanda kowace magana a cikinsa ta jingina da shaida ko takardar da ke cikin fayil. A can ƙasa ake koyon wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 1973 alƙalai 13 suka zauna kan shari'ar Kesavananda Bharati. Tambayar ita ce: shin majalisa na iya sauya duk abin da ta ga dama a kundin tsarin mulki? Shida suka ce tana iya, shida suka ce ikonta na da iyaka. Khanna ya ce majalisa na iya gyara kowane sashe, amma ba ta da ikon rushe ginshiƙan da aka gina kundin a kansu. Da ra'ayinsa aka samu bakwai da shida. Nan take gwamnatin Firayim Minista Indira Gandhi ta tsallake manyan alƙalai uku daga cikin masu rinjaye, ta naɗa A. N. Ray Alƙalin Alƙalai, duk da al'adar ba wa wanda ya fi daɗewa. Su ukun suka yi murabus. Ma'ana, tun 1973 Khanna ya ga da idonsa abin da ake yi wa alƙalin da ya ɓata wa gwamnati rai.

Sai aka kafa dokar ta-ɓaci ranar 25 ga Yunin 1975, bayan Babbar Kotun Allahabad ta soke zaɓen Indira Gandhi. Aka tsare dubban mutane ba tuhuma. Shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarni a ƙarƙashin sashe na 359 na kundin tsarin mulki, wanda ya dakatar da damar zuwa kotu don neman haƙƙoƙin sashe na 14 da 21 da 22. Sashe na 21 shi ne mai kare rai da 'yancin walwala. Iyalan waɗanda aka tsare suka nemi kotu ta ba da umarnin a kawo mutum gabanta a faɗi dalilin tsare shi. Manyan kotunan jihohi tara suka ce suna da hurumin sauraro. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, shi ne shari'ar ADM Jabalpur.

A nan nake so ku nutsu. Ana cikin muhawara Khanna ya tambayi Antoni Janar Niren De: tunda sashe na 21 ya haɗa da rai, in jami'in gwamnati ya kashe mutum haka kawai, hujjarka na nufin ba inda za a kai kuka ke nan? De ya amsa cewa haka hujjar tasa take nufi muddin dokar ta-ɓaci na aiki. Ku riƙe wannan dabara. In an kawo muku hujja mai santsi, ku bi ta har ƙarshenta, ku gwada ta da mafi munin abin da za ta halatta.

Ranar 28 ga Afrilun 1976 alƙalai huɗu, Ray da Beg da Chandrachud da Bhagwati, suka yarda da gwamnati. Inda suka zame shi ne ɗaukar sashe na 21 a matsayin tushe ɗaya tilo na haƙƙin rai da walwala, don haka in an rufe ƙofarsa an rufe komai. Khanna shi kaɗai ya ƙi. Ya ce haƙƙin ya girmi kundin, kuma ko da babu sashen, hukuma ba ta da ikon taɓa ran mutum ko tsare shi sai da izinin doka. Umarnin shugaban ƙasa bai soke wannan ba.

Ku san kuma farashin. Ra'ayinsa bai fito da kowa daga kurkuku ba. A Janairun 1977 aka tsallake shi aka naɗa Beg Alƙalin Alƙalai, sai Khanna ya yi murabus. Wata biyar da 'yan kwanaki suka rage masa ya cika 65, shekarun ritaya, amma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda ran mutum ke son ya ƙare a kan kujerar ƙoli, ko da ta mako guda ce.

Kada ku ɗauka huɗun nan jahilai ne. Bhagwati na cikin waɗanda daga baya suka buɗe wa talakawa ƙofar Kotun Ƙoli, kuma a 2011 ya fito ya nemi afuwa kan wannan hukunci. Kaifin ƙwaƙwalwa bai hana mutum zamewa, wani lokacin ma shi ke samo masa hujjar zamewar. Wannan ya fi ba ni tsoro a kanku, ku masu ƙoƙarin aji.

A 1978 aka yi wa kundin gyara na 44, aka hana dakatar da sashe na 20 da 21 ko a lokacin ta-ɓaci. Khanna ya rasu a 2008. A 2017 alƙalai tara suka zauna kan shari'ar Puttaswamy, aka yi watsi da hukuncin ADM Jabalpur, kuma D. Y. Chandrachud, ɗan ɗaya daga cikin huɗun, shi ya rubuta cewa hukuncin nasu kuskure ne babba.

Hukuncin na nan a intanet kyauta. Ku fara da na Ray, ku karanta shi da adalci har ku iya kare shi a gaban abokanku, sannan ku karanta na Khanna, ku ja layi a daidai wurin da suka rabu. Daga nan ku buɗe sashe na 45 da na 305 na kundin Najeriya na 1999, ku duba waɗanne haƙƙoƙi ake iya taɓawa a lokacin ta-ɓaci, da wane sharaɗi.