Lambar zinare ba ta biyan kuɗin asibiti a wasan siketbod

Lokacin da Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare a wasan siketbod a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, shekarunta 13. Rayssa Leal ta Brazil da ta zo ta biyu, ita ma 13. A Paris a 2024, Coco Yoshizawa ta ci tana da 14. Uban da ya ga haka zai iya cewa to, kakarmu ta yanke saƙa: yaro ya hau allo mai taya huɗu, ya yi ta zamiya a kan matattakala da ƙarafan gefen titi, arziki ya samu. Ni dai ina ganin akwai sauran rina a kaba.

Kwamitin Olamfik na duniya ba ya ba wanda ya ci lamba ko sisi, sai abin da ƙasarsa ta ga damar ba shi. Gasanni masu kyautar kuɗi, irin X Games da Street League wadda Rob Dyrdek ya kafa a 2010, ba su da yawa, kuma manyan 'yan wasa irin su Nyjah Huston da Yuto Horigome ne ke kwashe rabo mai tsoka. Wanda ya zo can baya, in ya fitar da kuɗin jirgi da na masauki, ya gode Allah.

Nan da wuya a samu kulob mai biyan albashi kamar a ƙwallon ƙafa. Ana cewa mutum ya zama ƙwararre ne ran da wani kamfani ya buga sunansa a jikin allo ya kai kasuwa, yana karɓar ɗan kaso a kan kowane allon da aka sayar. Kuɗi na gaske kuwa a takalmi yake, wajen Nike da Adidas da Vans, sai masu lemon ƙara kuzari irin Red Bull da Monster. A taƙaice ɗan talla ne, allon jakinsa ne kawai. Shi ya sa hoto a bangon mujallar siketbod ta Thrasher, ko bidiyon mintuna uku da aka shekara ana ɗauka, kan fi kofi amfani a aljihu. Kuma a Amurka, inda akasarin kamfanonin suke, yawanci kwantiragi ne, ba a ɗaukar mutum ma'aikaci. Idon sawu ya karye, wanda a wannan wasa kamar zazzaɓin damina ne, to inshorar lafiya tana wuyansa, kamfanin kuma ya riga ya hango wani yaro ɗan shekara 16.

Za a ce ai ga Tony Hawk, shahararren ɗan wasan siketbod na Amurka, attajiri ne. Haka ne, amma a dubi yadda aka yi. Ya zama ƙwararre yana da 14, ya sayi gida yana da 17. Da aka shiga shekarun 1990 kasuwar wasan ta faɗi, kuɗin da ke shigo masa ya yi ƙasa warwas, alhali ƙwarewarsa tana nan ba ta ragu ba. A cikin wannan matsin ne ya kafa kamfanin allonsa, Birdhouse, a 1992. A 1999 ya yi juyi biyu da rabi a iska a gasar X Games a San Francisco, abin da ake kira 900, kuma a shekarar ce kamfanin Activision ya fitar da wasan bidiyo mai ɗauke da sunansa. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa sun yi masa tayin dala 500,000 a dunƙule don ya yafe kason da zai riƙa samu nan gaba, ya ce a'a. Wannan a'ar ta kawo masa abin da duk kofunansa ba su kawo ba. Mutum nawa ne ke da halin ƙin rabin miliyan a hannu?

A watan Maris na 2022, yana da shekara 53, Hawk ya faɗo daga kan allo ya karya ƙashin cinya. Aka yi masa aiki, ya yi jinya, ya koma hawa. Da kason wasan bidiyo da ribar kamfani a bayansa, biyan likita bai hana shi barci ba.