Ranar da Akori-Kurata Ta Yi Gudun 70 a Tsaye

Akori-kurar da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, ƙirar Peugeot 404 ce, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan masana'antar can ta fara aiki a 1975, kuma sandar giyarta a wuyan sitiyari take, ba a ƙasa ba. Har yau ita ke kai taki gona ta dawo da dawa ba tare da ta ba ni kunya ba. Aibinta guda ne, wato malejinta ya mutu. Da farko allurar karkarwa take yi kamar mai zazzaɓi, sai ta koma kuka irin na gyare, daga bisani ta kwanta a kan sifili ta shafe shekara bakwai a nan, ni kuwa ina auna gudu da ƙugin inji da ƙarfin iskar da ke neman tuɓe mini hula.

Abin bai taɓa damuna ba sai ranar da autana ya tambaye ni a hanyar gona: "Baba, gudun nawa muke yi yanzu?" Kafin in buɗe baki ya leƙa agogon, ya ce bisa ga abin da ya gani ba mu bar ƙofar gida ba tukuna. Maƙwabcinmu, wani dattijon bakanike da ya tsufa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, ya ce in kawo masa ita ranar Asabar. Amma ni da na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, sai na ga ƙasƙanci ne in kai wa wani aikin da bai wuce juya waya ba.

A takarda kuwa aikin ba shi da wuya. A wutsiyar akwatin giya akwai wani ƙaramin gargare mai haƙora da ke cizon wani babba a jikin sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Idan ya juya sai ya juya wata waya mai lanƙwasuwa da ke kwance cikin kube, kowane bakinta mai kusurwa huɗu, ita kuma ta juya maganaɗisu a bayan agogo, maganaɗisun ya ja wani ɗan kofin alminiyam da allurar ke liƙe da shi, wani siririn sifirin yana riƙe da ita don kada ta wuce gona da iri. Na zana wa autana wannan duka da gawayi a jikin bango, ya gyaɗa kai irin na ɗalibin da ke jiran a kaɗa ƙararrawa.

Na kwance wayar daga ƙasa, na aro injin huda katako a wurin kafinta, na damƙe bakinta da shi na kunna. Allura ba ta motsa ba. Har na fara yi wa agogon ta'aziyya, sai yaron ya ce in gwada juya injin baya, kuma ina yin haka ya kurma ihu cewa muna gudun kilomita 70, alhali motar tana tsaye a ƙofar gida, kaza na kiwo a gindin tayarta. Ke nan agogo lafiya, waya lafiya, ciwon yana cikin akwatin giya.

A nan ne ilimina ya fara ƙarewa ban sani ba. Domin in sami wurin shiga, na ɗaga gaban motar da jak na tokare da itace, na manta cewa duk abin da ke gudana gangare yake bi, darasin da na sha koya wa 'yan aji ɗaya. Man giya gaba ɗaya ya taru a wutsiya, daidai inda zan buɗe. Na kwanta rigingine, na kwance ƙusar da ke riƙe da gidan gargaren, na zare shi, sai man ya biyo baya ya sauka a gemuna, ya bi ta wuya ya shige taguwa. Wanda bai taɓa shaƙar tsohon man giya ba ba zai gane ba, warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne da aka soya da ƙonannen ƙarfe. Na yi wanka sau biyu, duk da haka a sallar la'asar sahu bai haɗu ta gefena ba, uwargida kuma ta ajiye mini tuwo a zaure tana cewa, "Malam, iska ta fi kaɗawa a nan."

Gargaren dai na roba mai tauri ne, haƙoransa sun cinye a tsakiya kamar bakin tsohuwa. Na ɗora shi a kan dakali, washegari na neme shi sama ko ƙasa na rasa, sai na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa hannu rabbana. Mai kayan ya tambaye ni tsohon, na ce idona ya isa. Ya tambaye ni haƙoransa nawa ne, na ce ai ba akuya na zo saye ba. Bai ja da ni ba, ya zazzage mini gwangwani cike da gargare, na zaɓi wanda ya fi kyan launi.

Wajen mayarwa ne ya suɓuce daga gidansa ya faɗa cikin ramin. Na fasa tsohuwar rediyo na ciro maganaɗisun lasifikarta, na ɗaure da zare, na yi kusan sa'a guda ina kamun kifi, kafin autana ya tambaye ni cikin ladabi ko maganaɗisu yana kama roba. Da wayar rataye tufafi muka ƙwaƙulo shi bayan magariba. Don in huce haushi sai na laɓta wa wayar giris tun daga ƙasa har sama, bisa tunanin cewa idan kaɗan yana da amfani, mai yawa ya fi.

Ranar gwaji muka hau hanyar Wudil. Allura ta tashi tsaf babu karkarwa, ta wuce 60, ta kama 80, ni kuma na gyara zaman hula ina gaya wa yaron cewa motocin da ba irin na yanzu ba ne. Ban rufe baki ba wani mai babur ɗauke da buhun masara biyu da mace a baya ya wuce mu, har ya ɗaga mini hannu. Yaron ya duba wayar salularsa ya ce ita 66 ta nuna, na ce wayar ce ba ta san hanya ba. Bayan kwana huɗu allurar ta fara nauyi, rannan na tsaya a ƙofar gida na kashe inji, ita kuwa ta ci gaba da zamanta a kan 40.

Dole na sunkuyar da kai na je wurin dattijon. Ya saurare ni har ƙarshe yana tauna goro, sa'an nan ya ce, "Malam, wayar nan murɗaɗɗiya ce, duk giris ɗin da ka sa a samanta hawa zai yi da shi ya cika agogo. Kashi biyu cikin uku na ƙasa ake shafawa, shi ma sama-sama." Game da gudun ƙarya kuwa, ya ce gargare mai ƙarancin haƙora ya fi saurin juyawa, don haka agogo zai riƙa ƙara mini abin da ban yi ba. Da na ce tsohon ya ɓata, sai ya kira jikansa, wanda ya fito yana tuƙa motar waya, kuma ga gargarena nan a matsayin tayar safaya. Na fanshe shi da naira 200 bayan ciniki mai zafi. Muka ƙirga kututturen haƙoran da suka rage a gefe, ya fi sabon da uku.

Dattijon ya wanke agogon, ya aiki yaronsa ya samo gargaren da ya dace, ya sa sabon zoben roba don kada mai ya zuba, ya cika man giyar da gemuna ya shanye, duka kafin azahar, kuma ya karɓi ladan da bai kai kuɗin rediyon da na fasa ba.

Da muka sake hawa hanyar Wudil na take totur har ƙasa, inji yana ruri, ƙofofi suna kaɗawa, allura ta hau a hankali ta tsaya a kan 65, wayar yaron ma ta ce 65. Ya daɗe yana kallon agogon, sa'an nan ya juyo ya ce, "Baba, da ka bar ta a kwance, da har yanzu ina gaya wa abokaina ɗari muke yi."