Kun sayar mana da rauta, ina sabis ɗin?

Wallahi abin ya ishe ni. Kamfanin sadarwa zai karɓi dubban kuɗinka ya miƙo maka rauta, wato na'urar wayifai ta gida, amma babu mai tambayarka a wace unguwa kake. Su ne masu sabis ɗin, sun san inda 4G ɗinsu yake kaiwa da inda ba ya kaiwa. Me zai hana su duba kafin su sayar? A shagonsu da ke tsakiyar gari komai gudu yake yi. Kana zuwa gida ka jona, sai jar fitila.

Haɗa ta ma aiki ne. Takardar cikin kwalin Turanci ce zalla, rubutun ƙanana. Sai ka kifa na'urar ka karanto suna da kalmar sirri a gindinta, ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko makamancinsa, sannan ka sauya kalmar sirrin. Wanda bai san wannan ba fa? Mutane nawa ne a Arewa za su iya ba tare da sun nemo wani yaro ba? Yaron da ya saita maka kuma ya tafi da kalmar sirrinka a wayarsa, gobe ka ga samarin layi sun jeru a jikin katangarka. Shafi ɗaya na bayani da Hausa ya gagari kamfanin da yake tallansa da Hausa a rediyo.

Tawa yanzu a kan taga take zaune, na ɗora ta a kan gwangwanin madara, don nan kaɗai take kama sanda biyu. In na shiga ɗaki, bangon bulo ya tare. Daga magariba kuwa, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau intanet, ko saƙon murya na WhatsApp sai ya yi ta juyawa. 'Yata tana da darasi ta intanet, ina ji ina gani take fita tsakar gida da wayarta tana neman sabis, ga na'urar da na biya wa kuɗin wata tana ƙyafta ido.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zancen data marar iyaka. Ƙarya ce. Akwai iyaka, an dai ɓoye ta a ƙananan rubutu. Kana cin wani adadi sai su shaƙe gudun, har ƙarshen wata kana rarrafe. Kuma kwana 30 ɗin nan ba sa tsayawa. An ɗauke wuta, na'urar ta mutu tunda ba ta da batir, kwanakin suna tafiya. Ka sayo ƙaramin batir mai bolt 12 ka jona mata, sai su kuma nasu turken ya ɗauke. Duk asarar a kanka take.

Na kira layin kula da abokan hulɗa. "Yallaɓai, ka kashe ka sake kunnawa." Na ce na yi. "To yallaɓai, ka matsar da ita kusa da taga." Na ce ai a kan tagar take. Sai aka ce an shigar da ƙorafina, za a kira ni. Shiru.

Na ce to bari in sa layin wani kamfanin da yake ja a unguwarmu. Ta ƙi karɓa, a kulle take, sai layinsu kaɗai. Da kuɗina na saya, ba aro aka ba ni ba, da wane dalili za a kulle min kayana?

A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, muka biya. To su ba mai saye damar gwada na'ura a gidansa, in ba ta ja ya mayar a ba shi kuɗinsa. Su rubuta iyakar datar ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Su buɗe min tawa. Lambar ƙorafin da suka ba ni tana hannuna, da ita zan kira 622, layin karɓar koke na NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa.