Makullin Motata a Matan Fada

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu, bayan an yi kusan shekara goma ba a yi shi ba. Ni Bakano ne da aiki ya kai Sakkwato, kuma tun ina firamare nake ganin hoton masuntan nan a littafi, kowa rungume da ƙatuwar gora. Na ce bana ko ana ha-maza-ha-mata sai na je, kuma da yara zan tafi, su ga al'ada da idonsu, su huta da danne-dannen waya.

Uwargida ba ta yi gardama ba. Ta dai tambaya, "Duka ukun?" Na ce duka ukun. "Har da Auta?" Na ce har da shi, ai ba a fara ilimi da tsufa. Ta tashi tun asuba ta cika mana kula da dafa-duka, ta haɗa jakar kayan canji, ta rako mu har bakin mota tana ta Allah ya tsare hanya, fuskarta fal annuri kamar wadda aka biya wa Umara.

Daga Sakkwato zuwa Argungu tafiyar kusan kilomita 100 ce, don haka na ga dama ta samu in ba da darasi. Na gaya musu yadda Kabawa da mutanen Sakkwato suka daɗe ba sa ga-maciji da juna, har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka shirya kamun kifi na musamman don girmama baƙonsa, daga nan bikin ya samo asali. Na ƙara da cewa a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Na yi shiru ina jiran tambayoyi masu ma'ana.

Khalifa, ɗan shekara tara, ya ce, "Baba, to wa ya ci yaƙin?"

Ummi ta ce, "Baba, kifi yana jin ƙishirwa?"

Auta ya ce, "Fitsari."

Muka tsaya. Da muka tsaya ya ce ya koma. Muka tashi, ya dawo. Haka muka yi ta yi da fitsarin nan, yana zuwa yana komawa, har muka shiga gari.

Garin kuwa ba masaka tsinke. Motoci daga Birnin Kebbi, daga Zamfara, har da masu lambar Nijar, ga Turawa da hulunan malfa sun yi jajir da rana. Inda na samu na ajiye mota ya fi kusa da Sakkwato fiye da bakin kogi. Shirina shi ne mu fara da gidan tarihi na Kanta, yara su ga makamai da tamburan sarakunan Kabi. Aka kaɗa ƙuri'a, mai sayar da balan-balan ya kayar da Kanta da ƙuri'a uku da ɗaya. Daga balan-balan aka koma rake, daga rake aka koma zoɓo mai ƙanƙara. A rumfunan baje kolin amfanin gona na nuna musu buhunan shinkafar Kebbi da albasar Aliero, Ummi ta ce ai muna da su a kicin.

Sai muka ci karo da mafarauta. Su kam sun burge kowa. Riguna duk layu da guraye, wani da ƙahon gada a wuya, wani da kwari da baka, karnukansu siraran nan masu dogayen ƙafafu suna lallasa harshe a inuwa. Khalifa ya manne wa wani dattijo mai bindigar toka, yana kallon yadda yake ɗura mata albarushi ta baki yana dannawa da sandar ƙarfe. Na gyara tsayuwa na yi wa yara bayani cewa irin wannan bindiga ƙara ce kawai da hayaƙi, namiji ba ya ko ƙifta ido don an harba ta. Ban rufe baki ba wani daga bayana ya saki tasa.

Abin da ya biyo baya akwai saɓanin ruwaya a kansa. Ni abin da na sani, na yi saurin matsawa ne don in samo wa iyalina mafaka. Yaran kuma sun dage cewa sun hango ni bayan rumfar mai shayi, a tsugune, rungume da kular dafa-duka, su ukun suna tsaye inda na bar su. Auta har tafi yake yi yana cewa a sake. Dattijon nan ya bi ni da kallo, ya ce, "Alhaji, ɗiyan ga naka na?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To uwassu suka biyo." Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, na tattara jama'ata muka nufi kogi.

Matan Fada ba wani babban kogi ba ne in ka gan shi. Mutum zai iya jefa dutse ya kusan haye shi a wasu wuraren. Darajarsa ita ce duk shekara a hane yake, ba mai jefa ko ƙugiya a wannan yanki sai ranar biki, shi ya sa kifi ke samun sukunin girma. Sarkin Ruwa ne ke da ikon kogin, kuma mutanen gari za su gaya maka shi ke sallamar kadoji su ba da wuri kafin a shiga. Na faɗa wa yara wannan don in kwantar musu da hankali. Khalifa ya ce, "In wani kadan bai ji sanarwar ba fa?" Ban amsa ba, don ni ma tambayar ta tsaya mini a rai.

Rumfar manyan baƙi ba ta irinmu ba ce, don haka muka zagaya ta wajen da masunta suka yi sahu can nesa da gaɓa suna jiran a ba da alama. Dubban mutane, kowa da gorarsa da homarsa. Muka rakuɓe kusa da wani bawan Allah mai rigar Chelsea, mai fara'a, ya ga yara suna leƙe sai ya ce su matso. Ya nuna musu homa, taru biyu ne a jikin lanƙwasassun sanduna, ɗaya a kowane hannu, a buɗe su a ƙarƙashin ruwa a haɗe bakinsu a kan kifi. Gorar kuwa ta kusa kai Auta tsawo, an yanke mata baki a sama daidai shigar hannu. A kanta masunci ke kifa cikinsa ya yi iyo, a cikinta kuma yake jefa abin da ya kama. Ya ƙwanƙwasa ta, ta yi wata ƙara mai zurfi, Auta ya saki baki.

Ummi ta ga ya kamata ita ma ta ba da gudummawa a hirar. Ta ce, "Babanmu ya ce kifi ba nama ba ne, abin talauci ne." Na faɗi haka, gaskiya, amma a gida, kuma ranar da kuɗin nama ya samu. Mutumin ya kyalkyale da dariya ya ce, "Alhaji ko bamahauci na?" Na ce kakana ne. Ya ce ai shi ke nan, wasa ne tsakaninmu, yau sai na ci kifi ko ban so. Khalifa kuma ya kawo shawarar mu sayi ƙaton kifi a kasuwa mu ce mu muka kama. Masuncin ya ce an riga shi: a 2008 wani ya zo na ɗaya da kifin da aka gano daga baya cewa matacce ne ya shigo da shi daga wani ruwa, aka ƙwace kyautar, hukuma ta tafi da shi. Khalifa ya yi shiru yana nazarin inda mutumin ya yi sakaci.

Duk wannan lokaci Auta yana ta ƙananan koke-koke, balan-balan ɗinsa ya fashe. Duk uban da ya san aikinsa ya san maganin wannan: na zaro makullin mota na miƙa masa. Ya yi tsit. Na ji daɗin kaina.

Aka harba bindiga. Wannan karon ban motsa ba, ina so a rubuta wannan. Ƙasa ta ɗauki rawa, ƙura ta turnuƙe, dubban ƙatti suka zuba a guje da goruna a ka suna ihu, makaɗa a cikin kwalekwale suka saki ganguna. Kafin ka ce kwabo ruwan ya ɓace, sai kawuna da goruna. Tsigar jikina ta tashi. Na ɗaga Auta a wuya don ya ga abin da zai ba jikokinsa labari.

Ummi ta ja mini riga. "Baba, Auta ya ajiye maka makullinka."

Na ce madalla, a ina?

"A cikin tulun mai Chelsea."

Na sauke Auta na duba hannuwansa, na duba aljihunsa, na duba har cikin wandonsa. Na tambaye shi da murya mai taushi ina makullin Baba. Ya nuna kogi da yatsa, yana murmushin wanda ya yi aikin lada.

Ana ba masunta kusan awa guda a cikin ruwa. Ina shakka in akwai alƙalin gasa ko ɗan jarida da ya kalli awar nan da natsuwar da na kalle ta. Kowa na neman giwan ruwa, ni ina neman shuɗiyar riga. Matsalar ita ce bayan minti biyar babu sauran shuɗi ko ja a Matan Fada. Ɗan Chelsea da ɗan Arsenal duk laka ta mayar da su ƙungiya ɗaya. Na bi gaɓa ina kwala kira, "Mai Chelsea! Mai Chelsea!" Auta a kafaɗa, kula a hannu, Ummi riƙe da gefen rigata, Khalifa yana taya ni kira don shi abin wasa ne. Mutum wajen bakwai suka ɗago kai, ba nawa a ciki. Wani ɗan sanda ya tambaye ni ko yaro ne ya ɓata. Na ce makulli ne, yana cikin gora. Ya kalli kogin, ya kalle ni, ya ce, "Wace gorar?" Ya tafi yana girgiza kafaɗu, na san dariya yake.

Can sai ihu ya tashi daga wajen ma'auni, jama'a suka ruga. An fito da wani giwan ruwa da sai da ƙarti suka taru kafin su ɗaga shi. Shi ne ya zo na ɗaya a shekarar, kilo 78, mai shi ya tashi da miliyoyin naira da motoci biyu da kujerun Makka biyu. Na gan shi sarai, da daddare, a Facebook. A lokacin da ake ɗaga shi ni ina tsugune ina leƙa gorar wani baƙon mutum da ya rantse bai taɓa ganina ba, takalmina ɗaya kuma ya riga ya zauna a cikin laka.

Mai Chelsea shi ya gane mu, ba mu muka gane shi ba. Wani dunƙulen taɓo mai haƙora ya tsaya a gabana ya ce, "Bamahauci, ba ka tahi ba?" Na yi masa bayani. Ya zura hannu cikin gora har kafaɗa, ya fito da karfasa. Ya sake zurawa, tarwaɗa. Ya sake, wata karfasar. Ya tsaya ya ce hannunsa ya gaji, kuma a al'adarsu ba a zazzage gora sai an yi ciniki. Ban taɓa jin wannan al'ada ba, kuma yadda abokansa suka juya baya kafaɗunsu na rawa ya sa ina zargin ranar aka kafa ta. Na sayi kifin gorar kaf, a farashin da ko a otal ɗin Abuja sai an yi gardama. Ya kifar da ita. Makullina ya faɗo a ƙarshe, cikin yauƙi da ɓawon kifi, ya ɗauraye shi a kogi don kyautatawa, abin da ya ƙarasa kashe rimot ɗin.

Da na buɗe motar da hannu sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta fasa kururuwa, fitilu na walƙiya. Ga ni da takalmi ɗaya, laka har gwiwa, buhun kifi a kafaɗa. Sai da Khalifa ya rantse wa 'yan banga cewa ni ne ubansu, wani bakanike ya cire kan batir ya mayar, ya karɓi nasa rabon.

Mun iso gida bayan isha'i. Kafin in kashe mota an riga an kai wa uwargida rahoto, kuma da labarin rumfar mai shayi aka fara. Da aka juye buhun a baho sai ɗaya daga cikin tarwaɗun ta motsa gashin baki. Tarwaɗa tana shaƙar iska, tana iya daɗewa a waje in jikinta da danshi, wannan kuwa ta sha tafiyar kilomita 100 ba ta ko gaji ba. Ummi ta fashe da kuka ta ce ba za a yanka ta ba. Aka sa mata suna Hajiya, aka ba ta babban bokitin banɗakin baƙi, aka ɗora mini sayen abincinta.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya surukata ta zo kwana. Ba wanda ya tuna ya gaya mata. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ta shiga alwala, wutar lantarki ba ta nan, ta zura buta cikin bokitin. Salatin da ta saki har liman ya ji daga masallaci, ya aiko a tambaya ko lafiya.