Tosta ta uku, da abin da na koyo a Panteka

Makon jiya na raka Yaya Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna sayen kayan kicin na ɗiyarta da za a aurar bayan Sallah. Mun gama da tukwane da kuloli lafiya, da muka zo kan kayan wuta sai muka ɗan saɓa. Idonta ya faɗa kan wata tosta, wato na'urar gasa burodi, ja mai ƙyalli, maɓallai reras kamar rediyon mota, har da ɗan gilashi mai nuna lamba. Hujjarta ɗaya ce: kalar ta shiga da ta sauran kayan jere. Ni kuwa na nuna wata mara kwalliya, abin dannawa ɗaya, abin murɗawa ɗaya. Ta harare ni ta ce, "Ke dai kin cika son kayan tsofaffi." Ban ji haushi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi, kuma tosta biyu na binne kafin wadda nake amfani da ita yanzu.

Ta farkon tsaraba ce daga Amurka. Na jona ta, ko minti ɗaya ba a yi ba kicin ya turnuƙe da ƙauri. Laifina ne, ban duba rubutun da ke ƙasanta ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kuma idan aka ba abin da ke ɗumama kusan ninkin wutarsa, zafin da yake fitarwa yakan kusa ninkawa huɗu. Wace waya ce za ta jure? Don haka duk mai son kayan da aka yi amfani da su a waje, ya kifa ta ya karanta kafin ya taya. In an rubuta 220 zuwa 240, ta gidanmu ce. Na Ingila ma sun fi dacewa, tunda filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne, da fiyus a ciki.

Ta biyun sabuwa ce fil a kwali, mai maɓallai irin wadda Yaya ta so. Ta yi kusan shekara, ran nan aka dawo da wuta da ƙarfi, shi ke nan. Na kai ta Panteka wajen wani dattijo mai gyaran kayan wuta. Ya buɗe, ya nuna min wayoyin da ke yin ja, ya ce, "Hajiya, waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ɗan allon nan ne ya ƙone, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai." Haka na baro masa ita ya cire abin da zai yi masa amfani.

A zaman nan na fahimci cewa tosta ba wani abu ne mai wuya ba. Waya ce ta nikel da kuromiyam a naɗe, wuta ta bi ta cikinta ta yi ja. Tun 1906 wani Ba'amurke, Albert Marsh, ya yi rajistar wannan haɗin ƙarfe, mai cillo burodi sama da kanta kuma Charles Strite ya samu rajistarta a 1921. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya, aikin bai canza ba. Duk ƙyale-ƙyalen da aka ƙara daga baya, a garin da wuta ke hawa da sauka kamar lilo, ƙarin wuraren lalacewa ne kawai. Akwai kamfanin Dualit na Ingila da ya yi suna wajen tostar da ake kwance wayar zafinta a sa sabuwa. Tsada gare ta, ban ce kowa ya nemo ta ba, amma tambayar da ta koya mana kyauta ce: in ta lalace, ana buɗe ta? Ki duba ƙasanta. In kin ga kusoshin da sukuddireba ke kwancewa, da sauran magana. In an manne ta ruf, ranar da ta tsaya sai 'yan gwangwan.

Wani abu kuma da ya sa ake zubar da tosta mai rai: maganaɗisun lantarki ne ke riƙe abin dannawar a ƙasa. In babu wuta ba zai zauna ba, in wutar ta yi rauni sosai ma yana iya ƙin zama. Sai uwargida ta ce ta lalace, alhali wutar ce ba ta kai ba. Haka in wuta ta sauko bolt 180, zafin wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na yadda ya kamata, burodi ya bushe ƙamas bai yi ja ba.

Sai cin wuta. Mai ramin burodi biyu takan ja wat 800 zuwa 1,000, mai huɗu takan haura 1,400. A mita ba wani abin tsoro ba ne, wat 1,000 na minti 3 sai an gasa sau 20 kafin yunit ɗaya ya tafi. Amma ƙaramin janareton nan da ke ɗaukar fanka da talabijin, kina jona ta zai shaƙe. Masu sola ma su tambayi wanda ya haɗa musu kafin su gwada. Kuma don Allah a jona ta a soket na bango, a daina ɗora ta kan siririyar wayar ƙari tare da butar shayi. Shi ya sa nake ganin mai huɗu ga amarya da ango su biyu almubazzaranci ne.

Inda na fi damuwa shi ne burodinmu. Masu ƙera tostar nan da yankakken burodin kanti suka auna, mu kuwa mulmulalle muke saye mu yanka da wuƙa, kowane yanki da kaurinsa, ga laushi ga sukari. Sukarin ne ke sa shi saurin ƙonewa, kaurin ne ke sa shi maƙalewa, daga nan sai yaro ya zura cokali mai yatsu ciki tana jone, Allah ya kiyaye. A nemi mai faɗin baki, mai ɗan faranti a ƙasa da ake zarowa a zubar da ɓurɓushi. In babu shi, kin gina wa kyankyasai gida. Kuma mu faɗi gaskiya, abin da yawancinmu ke nufi da tosta ita ce mai murfi, wadda ake matse burodi da ƙwai da sadin a ciki, musamman da azumi. In ita ce buƙatar, a duba maɗaurin murfin da ƙugiyar rufewa, don nan take fara karyewa. A ɗaga ta a hannu, mai nauyi ta fi mai kama da kwanon roba.

A ƙarshe dai Yaya ta ɗauki jar, ta ce 'yan ganin jere ba ƙasan tosta suke leƙawa ba. Na sa mai shagon ya jona ta a gabanmu, ya rubuta mana rasit da kwanan wata. Mara kwalliyar kuma na biya da kuɗina, na ce a sa wa amarya a ƙasan kabad, kada a fito da ita daga kwali tukuna.