Amurka: A kotun tasa ƙeyar baƙi, talaka shi ne lauyan kansa

Duk wanda ya saba kallon finafinan 'yan sandan Amurka ya haddace maganar nan da suke yi lokacin da suke garƙama wa mutum ankwa: kana da damar yin shiru, kana da damar ɗaukar lauya, in ba ka da hali gwamnati za ta ba ka. Mun ji ta har ta zauna mana a ka, har wasunmu suka ɗauka cewa a ƙasar ba a gurfanar da kowa gaban alƙali shi kaɗai. Maganar gaskiya ce, sai dai tana da iyaka, kuma iyakar ta tsaya ne daidai ƙofar kotun da ake shari'ar baƙi.

Ita kanta wannan dama ba a banza aka same ta ba. A 1961 aka kama wani talaka mai suna Clarence Earl Gideon a garin Panama City na jihar Florida, bisa zargin ya fasa wani gidan wasan sinuka ya kwashe 'yan silalla da kwalaben abin sha. Ya roƙi alƙali ya ba shi lauya, alƙali ya ce dokar jihar ba ta ba da lauya kyauta sai ga wanda ke fuskantar hukuncin kisa. Mutumin da ko sakandare bai gama ba ya tsaya ya kare kansa iyakar iyawarsa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya ɗauki fensir ya rubuta wa Kotun Ƙoli ƙorafi da hannunsa. Ranar 18 ga Maris, 1963, alƙalai tara suka haɗu a kan murya ɗaya cewa wajibi ne kowace jiha ta samar wa talaka lauya a shari'ar babban laifi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. An sake shari'ar a gari guda, a kan zargi guda, da babban shaida guda. Abu ɗaya kawai ya canja: wannan karon akwai lauya, W. Fred Turner, wanda ya yi wa shaidan nan tambayoyi har labarinsa ya fara yoyo, ya kuma sa direban tasin da ya ɗauki Gideon a daren ya tabbatar cewa bai gan shi ɗauke da wata kwalba ba. Cikin kusan awa guda masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Gaskiyar Gideon ba ta ƙaru ba tsakanin 1961 da 1963. Mai iya fito da ita fili ne ya samu.

To me ya sa wannan hujja ba ta tsallaka zuwa kotun shige da fice ba? Amsar da doka ke bayarwa ita ce wai tasa ƙeyar mutum ba horo ba ne. Tun 1893, a shari'ar wasu 'yan ƙasar Sin, Kotun Ƙoli ta ce korar baƙo ba hukuncin laifi ba ne, mataki ne na gudanar da mulki. A kan wannan tubali aka gina komai har yau. Dokar shige da fice ta yarda baƙo ya zo da lauya, amma ta ƙara da cewa ba da kuɗin gwamnati ba. Ga kuma wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: kotunan nan ba sa ƙarƙashin ɓangaren shari'a mai cin gashin kansa. Ma'aikatar Shari'a ce ke riƙe da su, alƙalansu ma'aikatanta ne, yayin da gwamnatin ke turo ƙwararren lauyanta a kusan kowane zama domin ya nemi a kori mutumin.

Ni dai ban gamsu da wannan rabe-raben suna ba. An kama mutum, an kulle shi, an sa masa rigar fursuna, an raba shi da matarsa da 'ya'yansa, ana shirin mayar da shi ƙasar da ya ce in ya koma za a kashe shi, sannan a ce ba horo ake yi masa ba? Wanda ya saci waya yana fuskantar wata shida yana da lauya. Wanda ke fuskantar rabuwa da iyalinsa har abada ba shi da shi. Wata tsohuwar alƙaliyar shige da fice a San Francisco, Dana Leigh Marks, ta sha kwatanta aikinsu da yin shari'ar kisa a ɗakin da aka tanada don laifin karya dokar hanya.

Ka ɗauka wani matashi ne daga Yamai, ko daga zangon Kumasi, ya tsallaka iyakar Meziko bayan watanni a hanya. Yana zaune a wani ƙaramin ɗaki a gidan tsare baƙi, gabansa allon talabijin, alƙali yana can wani gari yana kallonsa ta na'ura. Tafinta kuma yana wani wurin na uku, ta waya, muryarsa tana yankewa. Alƙali ya tambaye shi ko ya amince da abin da aka rubuta a takardar tuhuma. Yaron da aka raine shi a kan cewa ba a yi wa babba musu, ya sunkuyar da kai ya ce "to". A wurinsa ladabi ya yi. A rubutaccen bayanin kotu ya amsa komai. Aka miƙa masa fom ɗin neman mafaka mai shafuka da yawa, wanda dole a cike shi da Turanci. Bai san cewa doka ta ba shi shekara guda ce kawai daga ranar shigarsa ya miƙa shi ba. Bai san cewa bai isa ya ce yana jin tsoro ba, sai ya nuna cewa abin da yake tsoro ya samo asali ne daga addininsa, ko launinsa, ko ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko wani rukuni na jama'a da yake ciki. Da aka ce ya faɗi ranar da aka ƙona shagonsa, ya ce bayan Babbar Sallah ne da kwana kaɗan. Watanni baya, a bakin iyaka, wani jami'i ya rubuta wata rana dabam. Lauyan gwamnati ya ɗaga takardun biyu ya ce ga shi nan, maganarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Baƙo ko yana da ido makaho ne, balle a ɗakin da ko harshen da ake yanke masa hukunci da shi ba ya ji.

Wannan ba nesa da mu yake ba. Unguwar Bronx a New York cike take da mutanen Afirka ta Yamma, har da masu jin Hausa daga Gana da Nijar, kuma daga 2022 zuwa 2024 birnin ya karɓi dubban sababbin zuwa daga Senegal da Gini da Muritaniya.

Alƙaluma ma ba su bar wurin musu ba. Wasu masu bincike biyu, Ingrid Eagly da Steven Shafer, sun bi diddigin shari'o'i sama da miliyan 1.2 na tsakanin 2007 da 2012, suka gano cewa kashi 37 cikin 100 ne kawai na baƙin suka samu lauya. A cikin waɗanda ke tsare kuwa, kashi 14 ne. Ka lura, wanda aka kulle, wanda ba zai iya fita ya nemo shaida ko ya yi aiki ya tara kuɗi ba, shi ne ya fi kowa rasa mai tsaya masa. Yara ma ba a ware su ba. Akwai wani babban alƙalin shige da fice, Jack Weil, da ya taɓa faɗa a ƙarƙashin rantsuwa cewa ya koya wa yara 'yan shekara 3 da 4 dokar shige da fice har su iya tsayawa a kotu. Da labarin ya fito a 2016 an yi ta mamaki, amma dokar ba ta motsa ba.

Birnin New York ne ya fara gwada wata hanya. A 2013 majalisar birnin ta ware dala 500,000 domin gwajin wani shiri a kotun da ke titin Varick: duk talakan da ke tsare ana neman korarsa a ba shi lauya, ba tare da an tsaya tantance ko shari'arsa mai ƙarfi ce ba. Ofisoshin lauyoyin talakawa na Bronx da Brooklyn suka fara ɗaukar aikin, daga baya ƙungiyar Legal Aid Society ta shigo, wadda ita ma, abin sha'awa, an kafa ta ne a 1876 domin kare baƙin da suka zo daga Jamus. Da cibiyar Vera mai bincike kan harkar shari'a ta auna shirin a 2017, ta ƙiyasta cewa masu cin nasara sun tashi daga kashi 4 zuwa kusan kashi 48 cikin 100. Ba a sassauta doka ba, ba a canja alƙalai ba. Ma'anar wannan mai nauyi ce: shekara da shekaru ana korar mutanen da dokar Amurka da kanta ta ba su damar zama, don kawai babu wanda ya san sashen da zai buɗe.

Masu adawa suna da tasu hujjar, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa don me mai biyan haraji zai ɗauki nauyin lauyan wanda ya shigo ƙasa ta ɓarauniyar hanya, alhali 'yan ƙasa talakawa ana fitar da su daga gidajen haya babu mai kare su? Suna kuma cewa lauyoyi jan shari'a suke yi, ga shi tun ƙarshen 2023 shari'o'in da suka taru a kotunan nan sun haura miliyan 3.

Ta farkon tana ɗaukar abin da ake shari'a a kansa tamkar an gama shi. Ko mutumin yana da damar zama ko ba shi da ita, ai shi ne tambayar da aka taru a amsa. Cikin waɗanda ake gurfanarwa akwai masu katin zama na dindindin da suka shekara talatin suna biyan harajin nan, akwai ma 'yan ƙasa da aka kama bisa kuskure. Lauya ba tikitin zama ba ne. Fiye da rabin waɗanda shirin New York ya tsaya wa ba su ci nasara ba. Ta biyun kuma, wanda ya taɓa zama a kotu ya san abin da ke cin lokaci: alƙali yana ta ɗage zama don mutum ya je neman lauyan da ba zai samu ba, ko yana ƙoƙarin fahimtar da shi abin da lauya zai bayyana masa cikin rabin awa. Lauyan kirki kan gaya wa wanda ba shi da hujja gaskiya, ya hutar da shi zaman wata da watanni a kulle, gwamnati ma ta huta da ciyar da shi.

Inda al'amarin ya fi sarƙewa shi ne mahaɗar kotun laifuka da kotun shige da fice. A Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifuka ba a kai ga cikakkiyar shari'a, ciniki ake yi: ka amsa ƙaramin laifi, a rage maka. Ga ɗan ƙasa wannan kan zama mafita. Ga baƙo kan zama tarko. José Padilla, haifaffen Honduras, ya yi sama da shekara 40 yana zaune bisa ƙa'ida, ya ma yi wa Amurka yaƙi a Biyetnam. An kama shi a jihar Kentucky da tabar wiwi a babbar motar da yake tuƙawa. Lauyansa ya ce masa ya amsa kawai, kada ya damu da batun kora tunda ya daɗe a ƙasar. Ya amsa, sai ga shi laifin na daga cikin waɗanda kora ke bin su kai tsaye. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa baƙo abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa. Kotun da ta ce kora ba horo ba ce, ita ce kuma ta yarda cewa wani lokaci korar ta fi ɗaurin zafi. Shi ya sa ofisoshi irin na Bronx suke haɗa lauyan laifuka da na shige da fice da jami'in jin daɗin jama'a a kan mutum guda.

Kada kuma a ɗauka cewa inda doka ta ba da lauya an gama. Tun 1973 aka tsara cewa kada lauyan talakawa ya wuce manyan shari'o'i 150 a shekara, kuma ofisoshi da dama sun daɗe da zarce wannan, har wani kan fara ganin wanda zai kare a barandar kotu, mintuna kafin a kira su. Kalief Browder yana da lauya a takarda. Yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Bronx a 2010 bisa zargin ƙwace jakar goyo, aka sa belinsa dala 3,000, gidansu suka kasa haɗawa. Ya yi shekara 3 a kurkukun tsibirin Rikers, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici, ana ta ɗage shari'ar, shi kuma ya ƙi amsa abin da ya ce bai yi ba. A 2013 aka janye ƙarar. A 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. Don haka in ana kiran a ba baƙi lauya, ba irin wannan na cika sharaɗi ake nufi ba.

Raunin duk shirye-shiryen nan shi ne ba haƙƙi ba ne, kasafin kuɗi ne. Majalisar da ta bayar bana tana iya hanawa baɗi. An ga haka a Maris na 2025, lokacin da gwamnatin Trump ta yanke kwangilar da ke biyan lauyoyin yara kusan 26,000 da suka shigo ƙasar ba tare da iyayensu ba, sai da wata alƙaliya a California ta ba da umarnin a ci gaba da biya. Kuma mutumin da aka kama a New York, inda akwai shirin, ana iya ɗaukarsa cikin dare a kai shi Louisiana ko Texas, inda babu. Can abin da doka ta tanadar masa shi ne takarda guda da alƙali zai sa a miƙa masa, mai ɗauke da sunayen ƙungiyoyin da ke taimako kyauta da lambobin wayarsu. Galibinsu aiki ya riga ya yi musu yawa, kuma gidan da yake tsare yana da tafiyar awanni daga ofishi mafi kusa.